Lissafin hawa a zafin Yamai

Laraba. Ƙura ta turnuƙe gari tun hantsi, daga inda jirginmu ke ajiye da ƙyar ake hango hasumiyar filin jirgin saman Diori Hamani. Tafiyar Tawa ke gare mu da azahar, fasinja biyar da kayansu, a ƙaramin jirgi mai inji biyu. Rana irin wannan ba a tashi da ido, sai da na'ura, don haka na baje takardar tashi, wadda ke nuna hanyar da jirgi zai bi ya hau, da littafin jirgin a tebur.

Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ita ce, in takardar ba ta rubuta wani adadi ba, jirgi ya hau 3.3 cikin ɗari, wato ƙafa 200 a kowane mil na teku. A ciki 2.5 na kauce wa tudu da dogayen ƙarafa ne, 0.8 kuma rata ce ta tsaro. To amma allurar da ke gaban matuƙi ƙafa nawa a minti take nunawa, ita kuwa takardar da nisan ƙasa take magana. Sai ka ɗauki gudunka a kan ƙasa, ka ninka da 200, ka raba da 60. Mil 120 a awa na neman ƙafa 400 a minti. Iska ta turo ka daga baya da mil 15, ya koma 450, jirgin kuma bai ƙara ƙarfi ba.

Sai zafin bazara. Ma'auni ya nuna digiri 42. Filin Yamai kusan ƙafa 730 yake sama da teku, inda iskar da aka gina lissafin jirage a kanta ke da digiri 13 da rabi. Zafi na rage kaurin iska, don haka kowane digiri na ƙari kamar ƙarin tsayin ƙafa 120 ne, ke nan yau inji da fukafukai na aiki kamar muna ƙafa 4,100.

Da inji biyu mun wuce abin da ake nema nesa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 3.3 ɗin nan an tsara shi ne bisa duka injuna na aiki. In ɗaya ya mutu, matuƙi da kamfaninsa ke da alhakin tanadin mafita. Da inji ɗaya, littafin ya ba ni ƙafa 150 a minti da nauyinmu, alhali a gudun mil 100 ana son 330. Ƙasarmu shimfiɗe take, gaskiya ne, amma cikin ƙura ba ka ganin ƙarfen sadarwa sai ka iske shi.

Na kai wa kwamanda takardar. Ya bi layi-layi da yatsa, ya ce, "Ɗana, a bari sai asuba, a kuma rage kaya." Alhajin da ya yi hayar jirgin bai ji daɗi ba, na ce masa, "Baba, ku yi haƙuri, zafi ne ya cinye mana ƙarfin inji."

In asuba ta zo da digiri 28, lissafin zai sauko daga ƙafa 4,100 zuwa wajen 2,500. Zan sake lissafin da rahoton yanayi na safe kafin a zuba mai.