Komi ya ɓace sai a ce Kara-Kara?

Daren jiya an sace moton maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu a ƙofar gidansa. Bashi ya ci ya saya, ko rabi bai biya ba. Da safe na iske shi tsugune yana jujjuya sarƙar da aka yanke, kwaɗon na nan a kulle.

Nan take aka fara: "Ai ƴan pale ne, daga Kara-Kara suka zo." Wato gungun samari ƴan daba daga unguwar Kara-Kara ta nan cikin gari. Haba mutanen Damagaram! Wanda ya san sa'ar da kuran ke ɗaukewa a layinmu, ya san gidan da babu kare, ba daga nesa ya taso ba.

Yaranmu na fada, wurin hirarsu, har 2 na dare, shayi da tramol. Yaro ya shigo da salula mai tsada, uwa ba ta ce ina ka samo ba. Ran da aka kama shi, dattawa ne kan gaba zuwa komisariya: "A yi haƙuri, yarinta ce." Mai sayen kayan satan kuwa Alhaji muke ce masa, har da rusunawa.

Rashin aiki akwai shi, ban musa ba, amma ni ban karɓe shi hujja ba. Yau bayan lisha'i za mu wurin mai unguwa kan batun sintiri. Mai fitila ya zo da ita.