'Yar mai harawa a gidan 'yan folo

Mahaifina harawa da dusa yake sayarwa a wajen Ƙofar Guga a Katsina, da kuɗinsu kuma na yi karatu har na zama malamar firamare. A rumfarsa na fara ganin wanda yau shi ne maigidana. Ɗan bargarsa ba shi da lafiya, shi ya sa ya zo da kansa, Baba kuma ya tafi masallaci. Ya ɗauki wani dami mai kyan baya, na ce ya ajiye, ruwa ya taɓa shi. Na buɗe cikin damin na nuna masa inda ya yi baƙi yana wari, na ce doki ya ci wannan sai ciwon ciki. Ya tsaya yana kallona, bai ce komai ba. Bayan kwana uku ya dawo, alhali harawar da ya saya ta mako biyu ce.

Wanda ba Bakatsine ba zai ɗauka folo, wato ƙwallon dawaki, wasa ne kawai. A nan gado ne. Sarki Muhammadu Dikko ya kafa shi a garin nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai maki 7 a ma'aunin gwanintar 'yan wasa, har yau ana labarinsa. Gidan su maigidana a cikin wannan suka tashi. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, zagaye ɗaya minti 7, ana sauya doki saboda gajiya, don haka ɗan wasa ɗaya sai ya turke dawaki da yawa. Ni kuwa 'yar mai ciyar da dawakin ce.

Kuskurena na farko a filin folo na yi shi. Yayyen maigidana mata suka tambaye ni sana'ar Baba, na ce ɗan kasuwa ne, na yi shiru. Ban rufe baki ba wani ɗan barga ya zo wucewa janye da doki, jiƙe da gumi, ya durƙusa ya ce, "Malama, a gaida Baba, a ce masa dusarmu ta ƙare." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga baya na ji cewa Hajiya, mahaifiyar maigidana, ba harawar ce ta dame ta ba. Cewa ta yi yarinyar da ta ɓoye ubanta, me kuma za ta ɓoye? Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce.

Da na faɗa wa Baba, bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Gumina ne ya ba ki kunya?" Na fi wata ban iya haɗa ido da shi ba. Shi ne kuma ya gyara abin da na ɓata. Ya hana zance a mota, ya mayar da kyautar da aka aiko masa, ya ce in da gaske ne a turo manya. Da suka zo, a tabarmarsa ya zaunar da su. Kayan ɗaki ma ya yi daidai ƙarfinsa, bai ci bashin ko sisi ba, duk da gwaggonnina sun so a yi na kece raini.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne dawakin kishiyoyi ne. Lokacin gasa maigidana yana Kaduna, yana Kano, yana Legas. Doki ya kwana ba lafiya, a barga zai kwana. Ranar da ya faɗo ya karye a kafaɗa ina cikin 'yan kallo, kuma tun daga ranar ban ƙara kallon wasa hankali kwance ba, sai dai bakina na motsi da addu'a har a tashi.

Yanzu in an kawo harawa gidan, Hajiya kan ce a kira ni in duba kafin a sauke. Har yau a rumfar Baba ake saye, kuma bai taɓa rage wa surukinsa ko naira ɗaya ba.