Gano bairos ɗin tafarnuwa: rashin layi a jel bai wanke shuka ba

Ba da iri ake shuka tafarnuwa ba, 'ya'yanta ake ɓarewa a mayar ƙasa. Duk bairos ɗin da ya kama uwa kuwa zai bi 'ya'ya, na bana ya hau kan na bara. Da na fara tantance su, guda ɗaya nake nema a kowace shuka. Taro na tarar, ga su da gajerun sunayensu: OYDV (mai sa albasa rawaya da tsumburewa) da LYSV daga dangin Potyvirus, GarCLV da SLV daga Carlavirus, sai Allexivirus masu lakabin A, B, C, D, E da X. Darɓa ke yaɗa dangi biyun farko. Na ukun kuwa aikin Aceria tulipae ne, wani mitsitsin ƙwaro dangin kaska da ke ɓuya ƙarƙashin ɓawo har a ɗakin ajiya.

Miligiram 100 na sabon ganye nake ɗauka, in niƙe a ruwan naitirojin, ragowar in ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili. Na gwada cire RNA, sinadarin da ke ɗauke da jerin haruffan gado, kai tsaye daga ɗan tafarnuwar, na sha wuya: sikarin furuktan da ke cikinsa yakan biyo, abin da ya kwanta a gindin bututu ya fito da yauƙi, ya ƙi narkewa, ya kuma hana PCR tafiya, wato gwajin da ke ninka kwafin guntun bairos har ya fito layi a jel, inda ake duba sakamako. Yanzu sai in bar shi ya tsira in yanki ganyen, in ba hali in yi amfani da CTAB, sinadarin da ke taimakawa wajen raba RNA da sikarin. Awon tsabtar RNA na 260/280 ya kasance kusa da 2.0. Kowane samfur ina haɗa shi da gwajin nad5, wata ƙwayar gado ta shukar kanta. In wannan bai fito ba, RNA ɗin ne ya lalace, babu maganar bairos tukuna.

Inda na fi yin kuskure shi ne firaima, ɗan gajeren jerin haruffan da ke mannewa a jerin bairos don kwafi ya fara. Duka waɗannan bairos na RNA ne, kuma sinadarin da ke kwafa musu jerin haruffansu ba ya komawa ya gyara kure. Shi ya sa LYSV na wannan gona ba lallai ya zama daidai da na waccan ba. Na riƙe shuka mai ratsin rawaya ɓaro-ɓaro a ganye, ELISA, gwajin da ke kama furotin ɗin bairos, ta ce akwai, RT-PCR, wato PCR na RNA, ta ba ni jel fayau. Da na jera firaimar da jerin da ke GenBank, rumbun jerin haruffan gado na intanet, sai ga harafi biyu sun saɓa a ƙarshen 3', daidai inda kwafi ke farawa. Tun daga nan ba na yanke hukunci da firaima iri ɗaya. Ina amfani da biyu daga sassa daban na bairos ɗin, ɗaya daga wurin da bai cika sauyawa ba, in sa haruffa masu zaɓi a inda ire-iren suka bambanta. Sauke zafin mannewa daga digiri 55 zuwa 50 yakan taimaka, amma yakan jawo layukan bogi, dole a karanta jerinsu kafin a yarda. Ita ma ELISA tana da nata aibin: 'yan Allexivirus sun yi kama da juna, har abin kama ɗaya ya kama wani.

A wajen karatun Sanger, hanyar karanta jerin haruffa inda kowane harafi ke fitowa kamar tsauni a zane, in ka ga tsauni biyu sun hau juna a wuri guda, kada ka yi saurin cewa datti ne. Sau da yawa iri biyu ne a shuka ɗaya. Nakan sa kwafin cikin bakteriya, in tsinci tsiron bakteriya goma, in karanta kowanne daban. Wanda ya share ɗaya tsaunin da hannu ya tura GenBank, ya ƙirƙiri jerin da babu shi a duniya, wasu kuma su zo su gina firaima a kansa. Wannan yana damuna ƙwarai.

Wajen raba jinsi, a Potyvirus ana duba kamannin da bai kai kashi 76 cikin ɗari ba a haruffa, ko 82 a furotin. A Carlavirus da Allexivirus kuwa 72 da 80 ne. Amma guntun furotin ɗin riga, wato ɓawon bairos, shi kaɗai bai isa ba, domin ire-iren da suka daɗe a shuka ɗaya sukan yi musayar sassa. Ina bi da jerin ta manhajar RDP4, mai gano irin wannan musaya, kafin in zana bishiyar dangantaka, in ba haka ba reshe ya faɗa inda ba wurinsa ba. Wasu LYSV na tafarnuwa ma sun rasa wani yanki a sashen jerinsu da ake kira P1, abin da ba za ka gani ba in riga kaɗai ka karanta. OYDV na tafarnuwa kuma ba kasafai yake kama albasa ba, duk da sunansa ɗaya da na albasa.

Shukar da aka tsarkake ta hanyar yanko kan tsiro, ƙasa da rabin milimita, ba na ba ta shaida tana cikin kwalba. A lokacin bairos ɗin kan yi ƙarancin da gwaji ba zai gan shi ba. Sai ta yi zango guda a cikin gidan raga, in sake gwada ta da firaima iri biyun nan.