Asuba uku a bakin tafkin Nguru

A watan Janairu, tsakiyar hunturu, na sauka Nguru da kyamara da dogon gilashinta mai jawo nesa kusa, mai milimita 400. Na daɗe ina jin labarin fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke tsallako Sahara daga Turai da Siberiya su yi watanni suna kiwo. Albarkacin tsuntsayen ruwa irin waɗannan aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci a duniya, a shekarar 2000, wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi.

Ranar farko ban tsinana komai ba. Na tsaya shan shayi bayan sallar asuba, kafin in kai bakin ruwa gari ya waye tangaran. Na hango balbelu da wani zalɓe a tsaye cikin ruwa, na nufe su kai tsaye, ga ni da farar riga. Zakaran ƙeƙuwa ne ya fara ganina. Ya kwarma ihu, kafin in ɗaga kyamara fadamar gaba ɗaya ta tashi sama. Abin ya dame ni, don na san wasu daga cikinsu abincin komawa gida suke tarawa, ni kuma na kore su daga kai.

Wani dattijo masunci yana gyaran komarsa yana kallona. Na gaishe shi, na ce, "Baba, yaya ake kusantarsu?" Ya ce, "Ɗana, ba a zuwa wurinsu. Ka riga su zuwa, ka zauna, su za su same ka."

Washegari da duhu ya ɗauke ni a kwalekwale, ya ajiye ni gefen ciyawar kachalla, gabas tana bayana. Na sa tufafi masu launin ƙasa, na shimfiɗa buhu a kan laka na kwanta rubda ciki. Sanyi ya ratsa ni har yatsuna suka ƙage. Amma kwanciyar nan ita ce rabin aikin: idan idon kyamara ya yi daidai da idon tsuntsu, abin da ke bayan tsuntsun yakan narke ya yi laushi a hoto, ruwa kuma ya zama madubi.

Hasken hunturu daban yake. Rana takan fito ja kamar garwashi a cikin hazo, ba ta da kaifi, kuma takan jima a haka. Kyau kam akwai, sai dai hasken kaɗan ne. Hotunana na farko duk sun yi dishi-dishi, sai da na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 1600 na mai da saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa. Da rana ta ɗan ɗaga kuma sai farin balbela ya fara ƙonewa a hoto, gashin ya zama fari fat babu zane, dole na rage haske kaɗan. Canja gilashi a fili kuwa na yi sau ɗaya na tuba, don ƙurar da ta shiga ta bar ɗigo a kowane hoto.

A asuba ta uku ne na samu abin da ya kawo ni. Wani tsuntsu baƙi da fari, mai dogayen ƙafafu jajaye sirara kamar tsinke, ya taho yana taku a hankali yana tsintar ƙwari a saman ruwa. Ya matso har ina ganin ɗigon ruwa na rataye a ƙarshen bakinsa, inuwarsa a ƙarƙashinsa kamar su biyu ne. Na riƙe numfashi na danna sau huɗu. Bai ko waiwayo ba.

A hanyar komawa Baba yana tura jirgin da gora, ya nuna mini inda kachalla ta rufe ruwa ruf. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu, ciyawar kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Ya ce yana yaro a nan suke jefa koma. Na ɗauki hoton wurin shi ma, ko da yake babu tsuntsu ko ɗaya a ciki.