Kada Ku Bar Garinku a Ƙofar Situdiyo

Ƙannena masu rubuta waƙa, ina so ku san labarin Lainey Wilson, mawaƙiyar Amurka da aka haifa a 1992, wadda ta tashi a Baskin, wani ɗan ƙaramin garin manoma a jihar Luwiziyana da mutanensa ba su kai 300 ba. Mahaifinta manomi ne, mahaifiyarta kuma malamar makaranta. Waƙar da take yi ita ce ta mutanen karkara, wadda suke kira kantiri, ana rera ta da jita, ana ba da labarin gona da iyali da wahalar neman na kai.

A 2011 ta koma Nashbil, birnin da ake kasuwancin wannan waƙa, inda ta yi shekaru tana kwana a cikin 'yar tirelar da ake ja da mota. Wasu masu harkar sun ga karin harshenta ya cika ƙauyanci, amma ba ta sauya shi ba, haka kuma ba ta daina waƙar mutanen garinsu ba. Sai a 2021, bayan shekara goma, wata waƙarta ta hau mataki na farko a gidajen rediyon kantiri. A 2023 ƙungiyar mawaƙan kantiri ta ba ta kyautarta mafi girma ta shekara, sannan a 2024 ta ci kyautar Grammy, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan waƙa a Amurka.

Ni kuwa akasin haka na yi. Da na shigo birni da littafin baitocina, kunyar bakina na ji, domin idan na buɗe shi sai a gane ɗan ƙauye ne. Na cire kalmomin da na ji a bakin kakata, na cire rumbu da huɗa da gayya da tafiyar 'yan cirani bayan kaka, na cika gurbinsu da motoci da manyan gidajen da ban taɓa shiga ba, saboda abin da na ji wasu suna rerawa ke nan. Waƙoƙin sun fito da kiɗa mai daɗi, amma babu wanda ya riƙe baiti ɗaya, domin duk mawaƙin da ke layin situdiyon zai iya rubuta irinsu. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, tsofaffin da za su ƙara mini sani game da waƙoƙin daka da na noma sun rasu a lokacin da nake gudun a danganta ni da su.

Kuskurena na biyu shi ne gajen haƙuri, domin ban zauna da waɗanda suka fi ni iya tsara baiti ba. A Nashbil al'ada ce marubuta biyu ko uku su zauna su haɗa waƙa guda, kuma a irin wannan zama Wilson ta goge.

Saboda haka, idan kun je gida wannan karon, ku zauna da iyaye da kakanni, ku nemi izininsu ku naɗi muryarsu a waya, ku rubuta sunayen gonaki da rafuka da kirarin mutane yadda suke faɗa. Sannan ku kai wa wanda ya fi ku sanin kari da amsa-amo ya gyara muku ginin baitin, amma idan ya ce ku sauya kalmar garinku don ta yi ƙauyanci, ku tambaye shi dalili kafin ku yarda.