Tallafi ya iso Darak, amma mai jirgi ba shi da rasit

Duk wanda zai nemi tallafin gwamnati don wani aiki a tsibiran Tafkin Cadi, kafin ya shiga lissafin siminti da rodi ya fara sanin wanda zai ba shi rasit na kuɗin jirgi. Ni ne sakataren wata ƙungiyar masu bandar kifi a Darak, tsibiri a ɓangaren Kamaru na tafkin, kuma wannan abu guda ɗaya shi ya tsayar mana da aiki, ya cinye kuɗin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Neman tallafin kansa bai ba mu wuya ba. Muna da rajistar GIC, wato ƙungiyar haɗin kai ta masu sana'a, muna da asusu a Kusiri, muka haɗa dosiye, wato takardun nema, aka zo aka gan mu, aka amince. Tun da Bankin Duniya ya ware dalar Amurka miliyan 170 a 2020 don farfaɗo da yankin tafkin a Kamaru da Cadi da Nijar, maganar tallafi ta cika kunnen kowa a nan. Namu ba daga can ya fito ba, ƙarami ne daga wata ƙofar gwamnati daban, kuma ba zan kama suna ba. Sharaɗin shi ne a ba mu rabin kuɗi, mu yi aiki, mu kawo shaidar abin da muka kashe, sannan a saki sauran.

Abin da muka nema murhun banda ne irin na Chorkor, wanda aka faro a Gana, mai tire-tiren waya da ake jerawa bisa juna, da kuma ɗakin ajiya guda. Wanda ya san banda ya san dalili. Itace a tsibiri saye ake yi, shi ma a jirgi yake zuwa, tsohon murhunmu kuwa rabin wutarsa iska ke sha. Tarwaɗa in ba ta bushe har ciki ba, kafin kwali ya kai kasuwa ƙwari sun shige ta, shi ya sa wasu ke yayyafa mata maganin ƙwari, abin da ba na son ko ji. Tun da hanyar kasuwar kifi ta Baga a Najeriya ta lalace bayan 2015 kifinmu ya ƙara daɗewa a hanya, asara ta ƙaru.

Wanda ya rubuta mana takardar kiyasi ƙwararre ne, amma a Marwa yake zaune. Ya ɗauki farashin kaya daga jadawalin gwamnati, ya sa ɗan layi guda na dako zuwa wurin aiki, kamar dai mota za ta tsaya a ƙofar gida a sauke. Darak kuwa ko tsakuwa babu. Buhun siminti daga Figil yake tasowa, ya bi ta Marwa da Mora da Dabanga ya iso Kusiri, a sake loda shi a wata motar zuwa bakin ruwa a Bulangwa, daga nan ya shiga jirgi. Kowane sauyi akwai 'yan dako a wannan gefe, akwai a wancan. Rodi da kwano da waya da katako duk haka.

Sai kuma lokacin da kuɗin ya faɗo: watan Yuli. Shekarar kasafi a Kamaru daga Janairu take zuwa Disamba, takardu kuma sai sun gama zagayensu a ofisoshi, don haka abin da aka amince da shi tun farkon shekara sai tsakiyarta yake isowa. Tafki bai san da wannan ba. Kusan duk ruwansa daga kogin Shari da Logon yake samu, kuma ambaliyarsu ba ta cika shi sai wajen Nuwamba zuwa Janairu. A Yuli ruwa yana ƙasa ƙwarai, a tudu kuma damina ta sauka, baƙar ƙasar nan ta Logon da Shari ta zama taɓo mai riƙe mota kwana da kwanaki. Wato an ba mu kuɗi a daidai lokacin da hanyar ƙasa ta mutu, ta ruwa kuma ba ta farfaɗo ba, aka ce mu gama kafin a rufe shekara.

Babban jirgin da muka ɗauka ya tafi lafiya har muka bar kogi muka shiga cikin ciyawa. Nan ya zauna a kan laka. Injin yana ta kuka, farfela tana naɗe ciyawa, direba ya kashe ya ce sai an rage kaya. Aka aika aka kira ƙananan kwale-kwale. Ina tsaye ina kallon samari cikin ruwa har ƙirji, ɗaya ya ɗora buhu a ka, biyu suna riƙe da gefen kwale-kwalen kada ya kife, sauro ya rufe musu baya ba mai hannun kora. Kowane kwale-kwale 'yan buhuna kaɗan yake ɗauka, a tura shi da gora. Ga shi dole a fita daga ruwa kafin magariba, don tun harin da aka kai Darak a watan Yunin 2019 ba mai wasa da dokar tafiyar dare. Sauran kayan suka kwana a jirgi ƙarƙashin tamfol, aka yi ruwan sama, buhunan ƙasa suka sha, da safe sun daskare.

Duk wanda ya taɓa kayan nan na biya shi, kuma na rubuta. Littafi na saya musamman: rana, suna, aikin da aka yi, kuɗi, sannan mutum ya dangwala yatsa. Da na miƙa wa tsohon da ke shugabantar masu kwale-kwalen tawada, sai ya yi dariya ya ce, "Malam Sakatare, tun ruwa yana Baga nake tuƙi, ban taɓa sa hannu don na ɗauki kaya ba." Na ce, "Baba, yi haƙuri, na gwamnati ne." Ya dangwala. Da muka tattara lissafi, abin da dako ya ci ya kusa kamo kuɗin kayan kansu.

Da wannan littafi na tafi Kusiri neman kashi na biyu, ina jin na yi abin a yaba. Akawun ya karɓi rasit na siminti da na rodi, ya duba hatimi, ya ajiye gefe. Ya buɗe littafina, ya juya shafi biyu, ya rufe ya turo mini.

"Wannan ba takarda ba ce."

Na ce, "Yallaɓai, ga sunaye, ga yatsun mutane, duk suna raye, a kira su."

Ya ce shi abin da doka ta ce ya karɓa rasit ne mai hatimi, mai lambar mai biyan haraji. In babu, a wurinsa ba a kashe kuɗin ba, suna hannunmu, kuma ba za a saki ko sisi ba sai mun kawo shaida ko mun mayar.

Ban ce mutumin azzalumi ba ne. Na san abin da ya sa aka kafa dokar, an sha cin kuɗin ayyuka da sunayen bogi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, tun ranar da aka zo duba wurin aikin, su ma a kwale-kwale suka iso, su ma hannu da hannu suka biya, ba wanda ya ba su rasit. Sun gani da idonsu. Kotun Duniya ta yanke hukuncin iyakar Kamaru da Najeriya a ranar 10 ga Oktoban 2002, Najeriya ta miƙa Darak a Disamban 2003, yau sama da shekara ashirin ke nan gwamnati tana nan, amma tsarin biyan kuɗinta bai san cewa a kan ruwa ake zuwa garin ba.

A bakin ofishin wani ya ja ni gefe ya ce akwai mai shago da zai rubuta mana rasit na duk abin da muke so, a ba shi kasonsa. Na kawo maganar gaban ƙungiya yadda aka faɗa mini. Shugabarmu, dattijuwa ce da ta fi shekara talatin tana banda, ta ce, "Ɗana, kuɗin da muka kashe da gaskiya ba za mu wanke shi da ƙarya ba. Ranar da asiri ya tonu, sunanka ne a takardar." Maganar ta mutu a nan.

Abin da ya fitar da mu hanya biyu ce. Wani ɓangare na dakon an karɓe shi bayan magajin gari ya rubuta takardar shaida cewa kayan sun iso ta ruwa kuma haka ake biya a nan, wannan ma sai da aka yi ta kai da kawo. Sauran kuwa aka ce ba ya cikin kiyasi tun farko, don haka namu ne. Matan ƙungiya suka juyo da adashensu aka cike gurbin, aka mayar asusu. Kashi na biyu ya fito ana gab da rufe shekara.

A karo na biyun ba mu sayi ko ƙusa a kan farashin Kusiri ba. Muka sami ɗan kasuwa mai cikakkun takardu muka yi yarjejeniya da shi a rubuce: farashinsa ya haɗa da saukewa a Darak. Shi ya ji da mota, ya ji da jirgi, ya ji da 'yan dako, ya ba mu rasit guda mai hatimi. Ya ɗora ribarsa, ba shakka, amma akawu bai ko ɗaga kai ba. Masu kwale-kwalen nan dai su ne suka ɗauko kayan, kuɗin nan dai shi aka ba su, sai dai yanzu ya bi ta hannun mai hatimi. Lokacin kuma ruwa ya cika, babban jirgi ya zo har bakin gaɓa, abin da ya ci mana kwanaki a Yuli aka gama shi a wuni.

Don haka 'yan'uwa na Kofiya da sauran tsibirai, har da na ɓangaren Cadi wajen Bol da Baga Sola in tsarinku ya yi kama da namu, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku sa hannu a kiyasin da bai raba dakon ƙasa da dakon ruwa ba, kowanne da layinsa. Ku sa mai rubutawa ya zo ya hau jirgin da kansa. Ku tambaya a rubuce wace irin shaida za a karɓa daga wanda ba shi da lambar haraji, ku ajiye amsar. In kuɗi ya iso da damina, ku nemi izinin jinkirta ɗaukar kaya masu nauyi zuwa cikar ruwa, a fara da abin da ake samu a gida, kamar bulon ƙasa. Mu ma daga baya jikin murhunan da ƙasa muka gina su, siminti ya tafi ga daɓen ɗakin ajiya kawai, kuma suna aiki lafiya.

Murhunan ba su kai adadin da aka rubuta ba, amma waɗanda suka tsaya itacen da suke ci ya ragu sosai, kifi yana fitowa ja mai kyau, dillalai sun daina yi mana ragi saboda ƙwari. Adashen matan kuma ana biyansu a hankali, ana cire wani abu daga kowane kwali. An ce mu sake kawo dosiye bana. Na gaya wa ƙungiya ni ba murhu zan rubuta ba, share hanyar ruwa daga bakin kogi da gina wurin sauke kaya zan rubuta, ko da za a ce ya fi ƙarfin GIC a tura mu wurin magajin gari.