Kada ka yi gaggawar yanke wa ɗan tsakon bantam hukunci

Ƙannena masu sha'awar kiwon bantam, wato nau'in kaji masu ƙaramin jiki, tambayar da ta fi damun mai farawa ita ce: wannan ɗan tsakon zakara ne ko kaza? A makonni ukun farko, ido ba ya rabewa. Manyan gidajen ƙyanƙyasa suna da ƙwararrun da ke duba duburar ɗan tsako ranar da ya fito, amma na bantam ya yi ƙanƙanta ainun, shi ya sa galibi a gauraye ake sayar da su. Kada ka ce za ka matsa cikinsa don ka gani da kanka. Hannun da bai koya ba kisa yake yi.

Da na fara kiwo, da gashin fiffike nake rabewa, domin an ce mini wadda gashinta ya riga tsawo ita ce mace. Na ba da waɗanda na ɗauka zakaru ne, na riƙe sauran, daga baya wasu cikin waɗanda na riƙe suka soma cara. Wannan dabara ba ta aiki sai a kajin da aka haɗa iri da gangan, uba mai saurin fitar da gashi, uwa mai jinkiri. A sauran kaji, canki-canka ne kawai. Haka zancen siffar ƙwai, wai mai tsini zakara ne, mai zagaye kaza. Ba shi da tushe.

Alamar farko da za ka iya dogara da ita zanko ne. Daga mako na 4 zuwa na 6, zankon namiji yana kumbura ya yi ja, leɓen da ke ƙarƙashin bakinsa ya fara saukowa. Na mace yana nan ƙarami, fari-fari ko rawaya-rawaya, sai ta kusa fara ƙwai. Launin zankon ya fi girmansa muhimmanci. Sai dai ka kwatanta ɗan tsako da 'yan'uwansa masu iri ɗaya da kwanaki ɗaya, domin bantam ba iri ɗaya ba ne. Sunan ma daga tashar jiragen ruwa ta Bantam a tsibirin Java na Indunusiya ya samo asali, amma yau ya haɗe kaji masu bambanci ƙwarai: Pekin mai gashi har ƙafa, Serama ta Maleshiya wadda sau da yawa ba ta kai rabin kilo, Silki mai baƙar fata da yatsu biyar, da Sebright. Zankon Pekin a tsaye yake, yana saurin tona asiri. Na Silki dunƙulalle ne, baƙi-baƙi, tukku ya rufe shi.

Wajen mako na 12 gashi ke kawo hujja. Ɗaga tsuntsun a wurin haske, ka duba wuyansa da gadon bayansa dab da jela. Gashin namiji a nan siriri ne mai tsini da sheƙi, na mace kuwa bakinsa a zagaye yake. Amma Sebright, wadda Sir John Sebright ya samar a Ingila a farkon ƙarni na 19, zakaranta gashin kaza gare shi, babu tsini, babu lanƙwasasshiyar jela, don haka zanko da cara kaɗai za su gaya maka. Silki kuma tana iya kai wata biyar ko shida tana ruɗa har wanda ya daɗe a kiwo. Ƙaimi kada ka kula shi tukuna, domin mace ma tana da ɗan tudunsa a ƙafa.

Balagar sagara ba ta ɓoyuwa. Fuskarta da zankonta za su yi ja, ta riƙa leƙa lunguna tana kyarkyara, in ka miƙa hannu ta bayanta ta durƙusa ta ɗan buɗe fukafukai. To, ƙwai ya kusa. Yawanci hakan yana zuwa a wata biyar zuwa shida, Silki kuwa takan kai bakwai ko fiye. Kafin ka ga waɗannan alamu kada ka ba su abincin masu ƙwai, domin sinadarin kalsiyam da ke cikinsa yana da yawa, yana lahanta ƙodar da ba ta gama ƙwari ba.

Zancen hali shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a nan nake so ku tsaya da kyau. A kowane ƙyanƙyasa akwai ɗan tsako mai ƙarfin hali, wanda ke rugowa in ka buɗe akurki, ya hau hannunka, ya tsaya yana kallonka ido cikin ido. Zuciya takan so shi fiye da sauran. Na riƙa ɗaukar irin wannan ina sa shi a kafaɗa, ina ganin sabo ne. Sau da yawa namiji ne, abin da na ɗauka ƙauna kuwa rashin tsoro ne. Da ya kai wata huɗu zuwa shida, jinin balaga ya taso, sai ya soma bin ƙafata da sara da duka, domin bai taɓa koyon ba ni hanya ba. Ƙanƙantar bantam tana sa mutane su ɗauki wannan wasa, alhali yana iya tashi sama ya kai ga fuskar ƙaramin yaro.

Yanzu in na ga alamar namiji ne, ina rage ɗaukarsa. Ina tafiya kai tsaye cikin akurki, shi ne zai kauce, ba ni ba. Ba na dukansa, ba na korarsa da gudu, domin duka biyun faɗa suke koya masa. Zakaran da nake riƙewa shi ne wanda in ya samu abinci yake kiran kaji su ci kafin shi, yana sa ido a sama saboda shaho, in na shigo ya ja gefe ba tare da firgita ba. Wanda ya ci gaba da kai wa mutane hari bayan ya gama girma ba na ɗaukar iri daga gare shi, domin hali yana bin jini.

Kada kuma ka ga tsaki biyu suna karo da ƙirji ka ce maza ne. Mata ma suna yi, neman matsayi ne a garke. Ita kuwa mai gudu tana ɓuya a kusurwa, ka yi mata uzuri. Sagara da yawa sai sun fara ƙwai suke natsuwa su saba da hannu.

Tun kafin ka sa ƙwai a kwanci, ka san cewa bayan kwana 21, ko ƙasa da haka kaɗan a wasu bantam, kusan rabin abin da zai fito maza ne. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. In samarin suka yi yawa, za su tsige gashin bayan sagaru, su hana su ci da sha. Ka tanadi wani akurki daban, ka kwashe su zuwa can wajen wata uku, inda ba za su riƙa hangen matan ba.